Layin da Na Ja wa Ummi

Assalamu alaikum jama'a. Abin da zan ba ku labari, wallahi tallahi a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma na daɗe ina riƙe da shi a ciki don tsoron kada in zo faɗa in ƙara wani abu in ɗauki alhaki. Inda na manta zan ce na manta.

Lokacin an yi shekara goma sha wani abu da yanke mana Jigawa daga Kano, ina sana'ar facin taya a bakin titi a Birnin Kudu, iyalina kuma suna wani ɗan ƙauye kusa da Maruta a ƙasar Gwaram, nakan je ran Alhamis in dawo Asabar. Ina da ƙane, Sabi'u, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni a aji shida na tsaya, shi kuwa Allah ya buɗa masa kai, ya yi ta karatu har ƙasar waje, ya dawo yana koyarwa a Kano. Mutanen garinmu Dakta suke ce masa, ko da yake ba ya duba marar lafiya.

Ina kuma da 'ya, 'yar fari, shekararta goma sha uku a lokacin. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, shi ya sa kowa yake ce mata Ummi. Kowa ban da ni. Kun san al'adarmu a kan ɗan fari, uba ba ya kama sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane. To ni da Allah ya yi ni da tsoron abin da za a ce, sai na kai abin maƙura, ko daga ni sai ita ne a zaure, "ke" nake ce mata. Ummi da sikila aka haife ta. Ni da mahaifiyarta 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma a lokacin da aka ɗaura mana aure ba wanda ya san wani gwajin jini a wajenmu. Ciwon ya ci mata ƙugun hagu har ya zama tana ɗingishi, ta dira ƙafar dama da nauyi, ta jawo ta hagu a hankali. Ko idona a rufe na san tafiyarta.

Wata damina sai ga Sabi'u da kwalaye a bayan mota, ya ce aron wata na'ura aka ba shi, kuma ni yake so in taimaka masa. Da ya buɗe na ga abu bai fi tukunyar miya ba, na ce wannan ce na'urar? Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ka san madubin da ake duba jini da shi a asibiti? Wancan da ido yake gani. Wannan makauniya ce, lalube take yi."

Yadda ya yi mini bayani, idan ban ɓata ba, wata 'yar allura ce a cikinta wadda ido ba ya ganin tsininta, tana maƙale a bakin wani ɗan hannu siriri kamar gashi. Allurar tana bin saman abin da aka shimfiɗa mata layi bayan layi, kamar mai huɗa yana bin gona, in ta ci karo da tudu ta ɗaga, in ta wuce ta sauka. Wani ɗan jan haske yana dukan bayan hannun, shi yake kai wa kwamfuta labari, ita kuma ta zana hoto a hankali daga sama zuwa ƙasa. Ya ce abin da yake sa jini ja wasu 'yan ƙwayoyi ne da ba sa ƙirguwa ko a ɗigo ɗaya, kuma allurar nan tana iya shafa guda ɗaya tal daga cikinsu ta faɗi siffarta. A jikin mai sikila, ƙwayoyin nan ne suke kama juna su yi tauri kamar sanduna, daga nan ciwo ya tashi. Shi so yake ya ga yadda ɗaya take kama 'yar'uwarta.

Sai dai na'urar ba ta son motsi ko kaɗan. A Kano janareta da manyan motoci sun hana shi sakat, shi ya sa ya gudo da ita gida. Muka share wani tsohon siton taki da ke bayan gari, ya kafa sola da batura. Inda sana'ata ta shigo kuwa, tiyub ɗin babur na samo, na ba shi rabin iska, muka ɗora dutsen niƙan marigayiya mahaifiyarmu a kai, na'urar ta hau saman dutsen, don tiyub ɗin ya riƙa shanye girgizar ƙasa. Na bar wa maƙwabcina rumfata na tare a gida. Har matan gidan da ke kusa sai da na je na roƙa su riƙa gama daka da sassafe. Wata tsohuwa a cikinsu, Inna Laraba, ta ce, "To, mun ji. Dakta ya kawo mana aljanar da ba ta son ƙarar turmi. In ta ƙoshi da lalube sai ta zo ta daka mana."

Saura takun mutane. Ranar farko Sabi'u ya zauna yana kallon kwamfuta, ni kuma ina tafiya ina nisa da siton, duk takun da na yi sai wani zane ya gitta hoton. Sai da na yi taku ashirin da biyar ya ɗaga murya ya ce nan ya isa, daga nan zanen ba ya ɓata aiki. A nan na ja layi da sanda na kewaye siton, na bi shi da toka. Kullum da safe sai na sake bin sa, don ni mutum ne da in aka ba ni amanar abu ba na iya barci. In taɓa tiyub sau goma a yini, in kori akuya, in kori kaza, ko tari ya zo mini sai in fita bayan layi in yi.

Jinin da za a duba kuwa na Ummi ne. Ita da kanta ta miƙa yatsa tana dariya, ta ce, "Baffa, in ka kamo abin da yake cizona a ƙashi, ka kira ni in gan shi. Ina so in ga fuskarsa."

Ya ce, "Na yi miki alkawari, Ummina. Ke za ki fara gani."

Ita ce take kawo mana fura bayan azahar. Takan tsaya a bakin layi, ni in fita in karɓa. Da yake takunta na dama yana da nauyi, tun daga nesa yakan fito a hoton, zane mai kauri, zane siriri, mai kauri, siriri, yana ƙara fitowa har ta iso layi ya tsaya. Sabi'u ko waiwaye ba ya yi, sai ya nuna gilashin kwamfutar da baki ya ce, "Yaya, fura ta iso."

Mun yi kusan wata guda ba a samu hoton kirki ba, yau zafi, gobe iska, jibi allura ta dakushe. Allurorin kuma daga waje ake kawo su, saura uku suka rage. Sai ranar wata Talata, wajen ƙarfe biyu, hoto ya fara sauka tas, 'yan dunƙule-dunƙule kamar an watsa gero a faranti, wasu sun fara jeruwa. Sabi'u ya manta da kansa ya ce da ƙarfi, "Alhamdu lillahi! Ga su nan!" Ashe Ummi tana bakin layi ta ji. Ta ɗauka kiran da aka yi mata alkawari ne. Ta tsallako da saurinta, iyakar saurin da take iyawa, ta turo ƙofa, ƙofar ta bugi bango. Hoton ya dagule, allurar ta caki abin da take shafawa ta karye.

Sabi'u ya dafe kansa. Ni ne na yi magana. Wayyo ni. Na ce, "Ke! Ke wace irin yarinya ce? Ba ki ga layi ba? Da wannan ƙafar taki da take girgiza gari guda za ki shigo nan? In na sake ganin kin tsallaka layin nan, ko na ji muryarki a wajen nan, ni da ke ne." Ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali, ba ta yi kuka ba, ta ce, "Yi haƙuri, Baba." Ta juya. Ina jin takunta har ya ɓace. Sabi'u ya ce, "Yaya, ka yi zafi da yawa, laifina ne da na yi ihu." Na san gaskiya ya faɗa. Na kwana ina shirya yadda zan ba ta haƙuri, amma da gari ya waye sai na ce uba ya ba 'yar fari haƙuri, mahaifiyarta ma sai ta yi mini dariya, bari in saya mata wani abu ran kasuwa, za ta gane.

Washegari da azahar hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Rufin siton kwano ne, ba a aiki cikin wannan ƙarar, sai muka kashe na'ura muka rufe ƙofa muna hira. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka wa zai aiko yarinya cikin wannan ruwa. Ashe kafin ruwan ya sauko ta baro gida. Ya fi awa guda ana zubawa. Da ya tsagaita na buɗe ƙofa, sai na hango ta. Jama'a, ruwa ya wanke tokar tas, babu ko alamar layi, amma tana tsaye daidai inda yake, ta rungume kwanon fura a ƙirji ta rufe shi da mayafinta kada ruwa ya shiga, haƙoranta suna haɗuwa. Ba ta tsallako ba, ba ta kira ba, kuma ba ta koma da furar ba.

Duk mai ɗa mai sikila ya san abin da sanyi yake yi musu. Kafin magariba ciwo ya tashi, da asuba muka ɗauke ta a motar Sabi'u zuwa asibiti a Birnin Kudu. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, an ƙara mata ruwa, an ƙara jini, amma abin ya hau ƙirji. Rana ta uku da hantsi ta buɗe ido ta gan ni a gefen gado, ta ce, "Baba, ban tsallaka ba."

Na ce, "Na sani. Yi shiru ki huta."

Abin da na ce ke nan. Ko a wannan lokacin bakina bai iya kama sunanta ba, don akwai mutane a ɗakin. Kafin azahar ta cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bayan an share makoki Sabi'u ya ce zai tattara kayansa, ba zai iya sake kallon jinin nan ba. Ni na roƙe shi. Na ce ka yi mata alkawari, ko ba ta nan a cika shi. Sai da na je wajen liman ma na tambaya ko akwai laifi a ajiye ɗigon jinin wanda ya riga mu, ya ce tunda don neman magani ne babu komai, amma duk da haka sai da na sake tambayar wani malamin a garin Basirka kafin hankalina ya ɗan kwanta. Muka koma aiki. Na ci gaba da bin layi da toka kullum da safe, ban ma san dalili ba, don yanzu ba mai zuwa. Furar ma mun ce a daina aikowa.

Rana ta biyu da komawarmu, mun idar da azahar, an sa sabuwar allura, hoto yana sauka, ina zaune a kan buhu a bayansa na haɗe hannuwa. Sai na ji ya ce, "Yaya, fura ta..." Na ɗaga kai. Zane mai kauri, zane siriri. Mai kauri, siriri. Da farko da ƙyar ake gani, yana ƙara fitowa, yana ƙara fitowa, sai ya tsaya cak. Na fita a guje ba takalmi. Rana tsaka, fili fetal, ba mutum ba dabba, ƙasa da danshi amma ba sawu ko ɗaya sai nawa na safe.

Sabi'u ya ce wataƙila wani ne yake sara a gona, ko tiyub ne yake sace iska. Na cire tiyub na tsoma a ruwa, ko kumfa ɗaya. Na kewaye gonakin nan kaf, ba kowa. Washegari ya canza waya, ya canza batir, ya matsar da dutsen wani lungu. Bayan azahar zanen ya sake zuwa. Rana ta uku da fara ganin zanen ya ce in tsaya a waje in sa ido, shi yana ciki. Ina tsaye ina kallon hanyar gida, ko ganye ba ya motsi, sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa daga ciki, "Yaya, kana ganin wani?" Na ce a'a. Ya ce, "To ga shi nan yana zuwa."

Da yamma ya buɗo tsofaffin hotuna na lokacin tana da rai, ya jera su da na yanzu. Tazarar da ke tsakanin mai kauri da siriri ɗaya ce. Inda zanen yake tsayawa ma ƙarfinsa ɗaya ne. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ni dai karatuna bai kai nan ba. Abin da na'urar nan ta sani shi ne ƙasa ta motsa. Kuma ko mene ne, a bakin layinka yake tsayawa."

Wannan kalma ita ta hana ni cin abinci. A bakin layinka. Na san aƙida, na san wanda ya tafi ya tafi, ba ya dawowa, na yi istigfari ya fi a ƙirga don kada tunanina ya kai ni ga saɓo. Na ce ko shaiɗan ne yake wasa da ni. Amma in na rufe ido ba abin da nake gani sai yarinya a tsaye cikin ruwa tana jiran izinin da ban ba ta ba.

Rana ta huɗu ban bi layi da toka ba. Na ɗauki tsintsiya na share shi kaf, na kewaye siton ina sharewa har ƙasa ta koma ɗaya. Sabi'u ya sa allura ta ƙarshe. Bayan azahar muka zauna, na bar ƙofa a buɗe. Zanen ya zo. Mai kauri, siriri, mai kauri, siriri. Ya iso inda ya saba, ya tsaya. Babu layi, amma ya tsaya, kamar dai ranar ruwan.

Na miƙe na je bakin ƙofa. Na buɗe baki, "ke" ce ta fara zuwa, na haɗiye ta. Shekara goma sha uku ban taɓa faɗa ba, sai da na ji sunan ya yi mini nauyi a harshe kamar ba Hausa ba. Na ce, "Ummi." Na sake cewa, "Ummi, 'yata, shigo. Na share layin. Ki yafe mini, shigo ki gani."

Ban ga komai ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ban ji iska ba, ban ji ƙamshi ba, ban ji taku da kunnena ba. Sabi'u ne na ji yana salati a bayana. Na waiwaya. Zanen ya ci gaba. Mai kauri, siriri, kowane ya fi na baya, ba da sauri ba, a hankali, irin tafiyar wanda yake tsoron ya yi ɓarna. Ban san lokacin da na matsa gefe na ba da hanya ba. Sabi'u yana ƙirgawa da leɓe, ni ban iya ba. Zanen ya yi ƙarfin da sai mutum yana tsaye a gaban dutsen yake yin haka, sannan ya ɗauke.

Daga nan hoton ya ci gaba da sauka, kuma tunda muka fara aikin nan ba a taɓa samun mai kyansa ba. Ga ƙwayoyin nan ɗaya-ɗaya, ga wasu sun kama juna sun yi jeri kamar igiya. Sabi'u hawaye yana bin gemunsa, ya matsar da kujerarsa gefe, ya juya gilashin kwamfutar wajen da ba kowa, ya sa yatsa ya ce, "Ga shi nan, Ummina. Ga abin da yake cizonki. Kin ga ɗan ƙanƙani ne."

Muka zauna har hoton ya kai ƙasa. Na jira in ga zanen komawa, mai kauri ya riƙa raguwa. Babu. Bai fita ba, ko kuma ya fita ta inda na'ura ba ta ji.

Mun ƙara kwana tara a siton kafin allurar ta dakushe. Kullum bayan azahar ina zaune ina kallon gilashi, ƙofa a buɗe. Zanen bai sake zuwa ba. Kuma in gaya muku abin da nake jin kunyar faɗa, akwai ranar da na ɗauki toka na tsaya a wajen, zuciyata tana ce mini in na mayar da layin wataƙila ta dawo ta tsaya, in riƙa ganin takunta ko a gilashi ne. Na daɗe a tsaye. Sai na zubar da tokar a gindin bishiya na koma ciki.

Sabi'u ya mayar da na'urar ga masu ita. Ya ce hoton ya yi amfani a wajen aikinsu, amma rabin ƙasa kawai ya nuna musu, na saman mai zane-zane ya ce musu motsi ne ya ɓata. Ni kuwa na saman na ce ya buga mini a takarda. Yana cikin akwatin kayan facina har yau, na naɗe shi a leda. Mahaifiyarta sau ɗaya na nuna mata, ta bi zanen da yatsa tun daga sama, ba ta iya karatu ba amma ba ta tambaye ni ko mene ne ba, ta miƙo mini ta shiga ɗaki.

Ban san abin da ya taka ƙasar nan ba, Allah shi ne masani, kuma ban ce kowa ya gaskata da wani abu da ya saɓa wa addini ba. Abin da zan roƙe ku biyu ne. Masu shirin aure, ku je a gwada jininku, ko da auren zumunci ne, ba rashin tawakkali ba ne. Ku kuma iyaye, wanda yake da ɗan fari a gida, yau ɗin nan kafin rana ta faɗi ya kira shi da sunansa, ko sau ɗaya, ko a ɓoye. In kuma ka yi wa yaro tsawa ka san ka wuce iyaka, kada ka jira ran kasuwa.

Har yanzu a rumfata, in an idar da azahar titi ya ɗan yi shiru, nakan kama kaina na cire takalmi na dafa ƙasa da tafin ƙafa, ina saurare.

Allah ya jiƙan namu da naku, ya sa Ummi ta ji ni.